Hanyar zuwa Tsibirin Tsakiya a Tafkin Turkana: takardu, jirgi da jiran iska

Tsibirin Tsakiya, wanda a takardun hukumar Kenya ake rubuta shi Central Island, ɗan dunƙulen dutse ne mai faɗin murabba'in kilomita 5 a tsakiyar Tafkin Turkana, can arewacin Kenya, kuma gandun dajin gwamnati ne. Ba ƙauye a kansa, ba rijiya, ba shago. Abin da ke kai mutane can shi ne ƙananan tafkuna uku da ke cikinsa, da kadoji, da tsuntsaye. Yawancin bayanan da mutum zai samu kafin ya tashi sun tsaya ne a kan kyan wurin, ba mai gaya maka abin da za ka fara da wanda za ka bari sai daga baya. Alhali wannan jerin shi ke raba wanda ya taka tsibirin da wanda ya ƙare a gaɓa yana hangensa har guzurinsa ya ƙare. Ga yadda muka bi, daki-daki.

Farko dai shiga Kenya. Tun Janairun 2024 ƙasar ta daina ba da biza irin ta da, ta koma izinin shiga na intanet da ake kira eTA, kuɗinsa kusan dala 30. Ana cike shi kafin a hau jirgi, ana ɗora hoton shafin fasfo, hoton fuska, tikitin jirgi da shaidar masauki. A 2025 an ɗauke wa 'yan yawancin ƙasashen Afirka wannan sharaɗi, don haka kowa ya duba matsayin fasfonsa a shafin hukuma kafin ya biya, kada ya bi ta hannun dillalan intanet da ke ninka kuɗin. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara, katin rigakafinsa mai ruwan ɗorawa ya kasance a aljihu, ba a ƙasan akwati ba, domin tun kafin teburin shige da fice ake iya tambayarsa. Mai niyyar ɗaukar hoto da jirgi mara matuƙi ya sani sai da izinin hukumar jiragen sama ta Kenya, kuma ba abin da ake gamawa a yini ɗaya ba ne. Mu barinsa muka yi.

Kafin barin Nairobi akwai abu biyu da ba a ɗagawa. Na ɗaya layin waya na Safaricom da aka buɗe wa M-Pesa, wato asusun tura kuɗi da biya ta waya, ana yin rajistarsa da fasfo. Dalili shi ne gandun dajin gwamnati a Kenya ba sa karɓar tsabar kuɗi a ƙofa, ta intanet ake biya, kuma mai jirgi, mai mota, mai sayar da fetur, kowa M-Pesa ya fi so. A zuba kuɗi a layin tun a birni, a kuma riƙe ƙananan takardun shilin don ɗan dako da sayen kifi. Na biyu shi ne mazubin ruwa. Kenya ta haramta leda tun 2017, sannan daga Yunin 2020 ta hana shiga gandun daji da robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar, har da gorar ruwan shago. Sai mutum ya tanadi gorar ƙarfe ko ta roba mai kauri, jarkoki kuwa a Lodwar za a saya.

Lodwar ita ce hedikwatar gundumar Turkana, kuma nan ne ƙofar yammacin tafkin. Ƙananan jiragen sama na tashi zuwa can daga filin Wilson a Nairobi, suna da tsauri a kan nauyin kaya, jaka mai laushi ta fi akwati. Ta mota kuwa sai an bi Nakuru, Eldoret, Kitale, Kapenguria, a gangara ta Marich, a wuce Kainuk da Lokichar. Daga Kitale kaɗai kusan kilomita 300 ne, kuma shawarar kowa ita ce a bi yankin Kainuk da rana, a kuma tambayi halin tsaro kafin a kama hanya. Zafin Lodwar shi ke fara tarbar baƙo, digiri 35 zuwa 40 ba labari ba ne a can. Nan ne kasuwa ta ƙarshe mai cikakken kaya, nan ne babban asibiti, nan ne banki. Muka sayi jarkoki masu lita 20, muka lissafa wa kowane mutum lita 6 a yini don sha kawai, ban da girki da alwala, muka ƙara na yini guda a kai. Sai gishirin ORS, shinkafa, man girki, ƙaramin murhun gas, tocila, igiya, da tamfol na yin inuwa. Kada a ce za a tsinci itacen girki a tsibirin. Ba shi da yawa, kuma gandun daji ne, ba a sara.

Daga Lodwar zuwa Kalokol kusan kilomita 60 ne ta arewa maso gabas. Hanyar na ratsa busassun koramu waɗanda kan cika da ruwa farat ɗaya idan an yi sama a tsaunuka masu nisa, ko da a inda kake ba ɗigo. Direban da ya san hanya idan ya tsaya ya ce a jira, a jira. A gefen hanyar akwai tsayayyun duwatsun Namoratunga na mutanen da, tsayawar minti goma ta isa. Kalokol garin masunta ne, ƙamshin busasshen kifi ko'ina, ana ɗaure karfasa dami-dami ana loda wa manyan motoci zuwa Busia har Kwango. A bakin garin za ka ga ƙaton ginin masana'antar daskarar da kifi da gwamnatin Norwe ta gina a farkon shekarun 1980, wadda ba ta yi aikin kirki ba: sanyaya kifi a wannan zafi na cin wuta da ruwa mai tsabta fiye da ƙima, sannan tafkin ya ja baya, mashigin Ferguson da ake taƙama da kifinsa ya ƙafe. Wasu matafiya kan tashi ne daga Eliye Springs da ke kudu, wuri mai maɓuɓɓuga da itatuwan goruba, ya fi daɗin kwana. Mun zaɓi Kalokol ne saboda yawan jirage da kusanci da ma'aikatan gandun.

Tsibirin yana hannun hukumar kula da namun daji ta Kenya, KWS, kuma wajen jami'anta na Kalokol muka fara zuwa kafin mu nemi jirgin ruwa. Suka duba fasfo, suka tambayi yawanmu da ko za mu kwana, suka bayyana cewa kuɗin kashi-kashi ne: na shiga, na kafa tanti ga mai kwana, da na jami'in da zai raka mu. Farashin ɗan ƙasa daban, na baƙon da ke zaune a Kenya daban, na mai ziyara daban, kuma ana sauya shi lokaci zuwa lokaci, don haka a duba na ranar a shafinsu. Muhimmin abin da na fahimta a nan shi ne tikitin na awa 24 ne, yana ɗauke da kwanan wata. Wanda ya yi ɗoki ya biya tun daga Nairobi, iska kuma ta hana tashi ranar, ya shiga neman gyara. Wanda kuma ya bari sai yana kan yashi ƙafa ɗaya a jirgi, yana iya tarar da intanet ta yi rauni, biyan ya maƙale. Tsaka-tsakin shi ne a buɗe asusun eCitizen, wato shafin biyan kuɗin gwamnatin Kenya, tun a birni, a cike komai, a bar danna biya sai matuƙi ya tabbatar da tashi, a yi shi a cikin gari inda waya ke kamawa, a ɗauki hoton rasit ɗin a adana.

Jirgin ruwa shi ne mafi tsada a tafiyar baki ɗaya, ya fi kuɗin gandun nesa ba kusa ba, kuma kuɗin na jirgi ne ba na kai ba, shi ya sa tafiyar mutum shida ta fi ta mutum biyu sauƙi. Kowace tashar masunta tana da kwamitin kula da gaɓa, suna ce masa BMU, su suka san jirgin da ke da rajista da matuƙin da ya saba tsallakawa. Ta wajensu da jami'an gandun muka samu namu, ba ta wajen samarin da ke tare baƙi a tasha ba. Ciniki a kan fetur yake tafiya. Injin rataye mai ƙarfin doki 40 yana shan wajen lita 12 zuwa 15 a awa idan an buɗe masa wuta, kuma idan jirgi na karo da igiyar ruwa shan na ƙaruwa, tafiyar na raguwa. Ƙa'idar masu ruwa ita ce kashi ɗaya cikin uku na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya. Mu da kanmu muka tsaya aka cika jarkokin, aka gauraya baƙin mai a gabanmu, domin injin irin wanda ake haɗa wa mai da fetur ne, idan haɗin ya gaza sai ya ƙone a tsakiyar ruwa. Muka ƙirga rigunan ceto ɗaya bayan ɗaya muka gwada maɗaurinsu, muka ga fulogi na ajiya, da fil ɗin farfela, da filafilai biyu, da anga mai doguwar igiya, da bokitin kwarfe ruwa. Muka kuma yanke magana a gaban shaida: jirgin zai kwana tare da mu, ba zai sauke mu ya koma kamun kifi ba, rabin kuɗi yanzu, rabi bayan mun dawo.

Sai jira, wanda shi ne ainihin matakin da ba ofishin da ke sa masa hannu. Iskar Turkana daga kudu maso gabas take busowa, ta matse tsakanin tsaunukan Habasha da na Kenya, ta fito da ƙarfin da ya sa aka kafa injinan samar da lantarki 365 a kudu maso gabashin tafkin. Kalokol na gaɓar yamma, ke nan duk igiyar ruwan da iskar ta tara a faɗin tafkin nan take zubewa, kuma mai zuwa tsibirin gaba da gaba yake yi da ita. Baƙo kan zaci asuba ce lokacin lafawar ruwa. A nan sau da yawa akasin haka ne, iskar kan tsananta cikin dare zuwa hantsi, ta sassauta bayan rana ta take. Matuƙinmu dattijo ne mara yawan magana. Muka fito da kaya da sassafe, ya tsaya ya dubi can nesa inda ruwan ke farin kumfa, ya ce, "'Ya'yana, ku mayar da kayan inuwa, ba yanzu ba." Haushi ya kama wasunmu, ga tsibirin ana hangensa baƙi ƙirin kamar a miƙa hannu. Amma gaggawa a wannan ruwa ta ci mutane. A 1934 biyu daga cikin ayarin binciken Vivian Fuchs, Martin da Dyson, sun tafi Tsibirin Kudu da ke wannan tafki a ƙaramin jirgi, ba a sake ganinsu ba. Duk wanda ya matsa wa matuƙi lamba, ko ya ƙara masa kuɗi don ya tashi a kan iska, ya ɗauki alhakin duk wanda ke cikin jirgin.

Da ruwa ya kwanta muka tashi. Tsallakawar kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, gwargwadon inji da halin ruwa. Kaya masu nauyi a tsakiya kuma a ƙasa, waya da takardu a jakar da ruwa ba ya shiga, kowa da rigarsa a ɗaure tun daga gaɓa. Feshin ruwan na da santsi a fata kamar ruwan sabulu, idan ya bushe sai ya bar fari a tufafi da gilashin kyamara. Tafkin ba shi da mafita, ruwa na shiga ta Kogin Omo daga Habasha, wanda ke kawo kusan kashi 90 cikin 100, sai Turkwel da Kerio, rana kuma na ƙafar da fiye da mita 2 a shekara. Kanwa da gishiri su ke saura. Shi ya sa ba a dogara da shi don sha, ko an tafasa. Launinsa kore-kore daga ƙananan gansakuka ne da ke tasowa sama idan iska ta lafa.

Mun sauka a kan baƙin yashi, kuma jami'in ne ya fara fita ya duba gaɓar kafin kowa ya sa ƙafa. Yashin da tsakar rana yana ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa, takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa ake so. Tsibirin gaba ɗayansa kan dutse mai aman wuta ne da ya ɓullo daga ƙasan tafkin, yana da ramukan aman wuta fiye da goma, ƙololuwarsa na da tsayin mita 550 daga matakin teku, wato kusan mita 190 a saman ruwan tafkin. Bai mutu ba. A gefen ramin tsakiya akwai wuraren da tururi ke fita da warin farar wuta, ƙasar wurin ta yi rawaya-rawaya, kuma a 1974 an hango tururi da narkakkiyar farar wuta na tashi tun daga gaɓar tafkin. Hawan ba shi da tsawo amma tsakuwar na zamewa, ba inuwa sai 'yan kurmin itacen aswaki da ciyayi masu ƙaya. Mun bar hawan sai la'asar sakaliya da kuma sanyin safiya, kowa da lita biyu a hannu.

Daga saman tudun ne ake gane dalilin wahalar. Tafkuna uku ne a cikin ramukan, ana kiransu na kada, na filamingo da na karfasa, kowanne da launinsa domin kanwar da ke cikinsu ba ɗaya ba ce. Na filamingo ya yi kore shar, kauri gare shi saboda gansakukar da tsuntsayen ke tacewa da baki, suna tafe kai a sunkuye, baki a juye cikin ruwa, ja-ja-fari a kan kore. Ba kullum suke nan ba, suna yawo tsakanin tafkunan kanwa na yankin, wanda ya tarar da kaɗan kada ya ce an yaudare shi. A bakin babban tafkin akwai kwasakwasa, zalɓe manya da ƙanana, dinya, da tsuntsayen da ke yada zango a hanyarsu ta komawa Turai da Asiya tsakanin Maris da Mayu. Masanan Jami'ar Cambridge da suka zo a 1930 zuwa 1931 ƙarƙashin Worthington sun ɗebi kifi daga waɗannan ramuka, kuma a 1933 aka bayyana karfasar cikinsu a matsayin iri na daban. Kamun kifi a kewayen tsibirin haramun ne a doka, domin nan kifin ke hayayyafa.

Maganar kada kuwa ba ta wasa ba ce. Binciken Alistair Graham a shekarun 1960 ya ƙiyasta kadoji fiye da 10,000 a tafkin, kuma ko da yake sun ragu ƙwarai saboda raga da farauta, tsibirin na cikin manyan wuraren da suke ƙwai. Macen kan haƙa rami a yashi sama da inda ruwa ke kaiwa, ta zuba ƙwai da kan kai 50, ta rufe, ta yi gadi wajen wata uku. Zafin yashin ne ke tantance ko maza za su fito ko mata. Wajen Afrilu da Mayu 'ya'yan kan fara kuka tun suna cikin ƙwai, uwar ta tone su ta kai ruwa a bakinta. Jami'in ya nuna mana wata sheƙa da aka riga aka fashe: ɗan kwari a yashi, ɓawon ƙwai fari mai taushi ya nannaɗe, ga sawun jela ya ja layi zuwa ruwa, tafin ƙafa hagu da dama. A nan na gane cewa yashin da muke takawa yana da masu shi. Dokokin jami'in gajeru ne: ba wanka, ba wanke kwano ko alwala a bakin ruwa, a ɗebo da bokiti mai igiya a koma nesa, kada a riƙa komawa wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kada a zubar da cikin kifi kusa da tanti, kada a shiga tsakanin kada da ruwa.

Tanti muka kafa a tudu nesa da gaɓa, a inda aka ware. Turaku ba sa kama wannan ƙasa, da duwatsu muka danne kowace kusurwa, muka ɗaura igiya, domin da dare iskar ta dawo da ƙarfinta har tamfol ɗin sai da aka sauke. An ja jirgin sama sosai an ɗaure. Da aka haska tocila kan ruwa sai ga idanu jajaye bibbiyu a jere. Takalmi a kakkaɓe da safe saboda kunama. Waya kan kama jefi-jefi a kan tudu, ba abin dogaro ba ne, shi ya sa tun a Kalokol muka bar sunayenmu da lokacin dawowa a wajen jami'ai, muka kuma bar direba da lambar matuƙi. Duk sharar da muka yi a buhu muka dawo da ita.

Dawowa ma sai da aka jira iska, amma ta fi sauƙi tunda igiyar ruwa daga baya take turo jirgi. Haɗarinta a gaɓa yake, inda ruwan ke karyewa, nan ne matuƙi ke rage wuta ya daidaita, kowa ya zauna har sai jirgi ya dafa yashi. Muka sanar da jami'ai mun sauka, muka cika wa matuƙi kuɗinsa. Wanda ya wuce awa 24 a tsibirin saboda iska zai biya ƙarin yini, don haka a bar wani abu a M-Pesa.

Da za a tambaye ni abin da ya fi ɓata wa mutane wannan tafiya, zan ce tikitin jirgin komawa Nairobi da aka yanka kurkusa. Shi ke sa mutum ya fara roƙon matuƙi. A ware aƙalla yini biyu na banza tsakanin ranar da ake son tsallakawa da ranar barin Lodwar. Sannan kada a dogara da tsohon bayani game da wurin sauka. Turawan farko da suka iso tafkin, Teleki da von Höhnel a 1888, waɗanda suka sa masa sunan Yarima Rudolf na Ostiriya kafin Kenya ta mayar da shi Turkana a 1975, sun tarar da gaɓa daban da ta yau, kuma har yanzu tana motsi. UNESCO ta sa tsibirin tare da gandun Sibiloi cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, ta ƙara Tsibirin Kudu a 2001, sannan a 2018 ta sa su a jerin masu fuskantar barazana saboda madatsar Gibe III da Habasha ta ƙaddamar a kan Omo a 2016 da manyan gonakin rake da ke jan ruwan kogin, abin da ya taɓa ambaliyar shekara-shekara da kifi ke hayayyafa da ita. Sai kuma daga 2020 ruwan sama mai yawa ya sa tafkin ya cika ya haura, ya cinye gidaje da gorubai a gaɓar yamma. Yashin da jirgi ya sauka a kai shekaru biyar baya yana iya zama ƙarƙashin ruwa yau, hanyar mota zuwa tasha ma ta sauya. A tambayi jami'an Kalokol da matuƙi inda ake lodi da inda ake sauka a wannan watan, tun kafin a sallami motar da ta kawo ku daga Lodwar.